Ranar da Ɗauke Wuta Ta Yi Wa Injiniya Maki

Jarrabawar da kamfanin Red Hat na Amurka ke shirya wa masu son zama masu kula da saba, wato kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, ba ta da tambayoyin zaɓi ɗaya cikin huɗu, balle mutum ya rufe ido ya yi canki-canka. Lambarta EX200, shaidar da ake samu kuma RHCSA. Kwamfuta ake ajiye maka da jerin ayyuka: ka raba ma'ajiyar bayanai, ka buɗe wa ma'aikata asusu, ka haɗa ta da sauran kwamfutoci, ka tsare ƙofofinta. Babu intanet, babu leƙen waya. Maki 300 ne, wanda ya kai 210 ya haye. Sai dai akwai sharaɗi guda. Duk abin da ka saita dole a same shi daram bayan an kashe na'urar an sake kunnawa. Wanda ya ɓace a tsakani, ko gumi nawa ya ci, ba a lissafa shi.

Ɗan ƙanwata ya karanta wannan sharaɗi a falona, ya gyaɗa kai ya ce ya gane. Bai daɗe da gama bautar ƙasa ba, kuma tun da ya taɓa gyara wa Hajiya waya, yaran gida ke kiransa Injiniya, shi ma yana amsawa.

Ya fara da nemo babbar manhajar, wato Linux. Da can CentOS masu koyo ke ɗauka, domin kyauta ce kuma kwafin ta Red Hat ce sak. A Disambar 2020 aka sanar za a sauya mata alkibla, sai Rocky Linux da AlmaLinux suka fito a 2021 don cike gurbin. Injiniya ya zaɓi Rocky ta 9, wai sunan ya fi kama da na jarumai. Fayil ɗin ya haura gigabait takwas, don haka sai tsakar dare ya zauna saukewa, lokacin da data ke araha, da wayar da na fahimci daga baya tawa ce.

Tsohuwar kwamfutar da ya kwaso daga gidansu ta ƙi karɓa. Tana farawa ta tsaya cak, ta rubuto masa da Turanci cewa ƙwaƙwalwarta ba ta kai matakin x86-64-v2 ba. Gaskiyarta. Fitowa ta 9, wadda Red Hat ta saki a Mayun 2022, ta yi sallama da tsofaffin ƙwaƙwale irin nata. A nan ne ya ɗago ya dubi tawa, 'yar gwanjo mai zaman teburi, wadda ke ɗauke da rubuce-rubucena da hotunan bikin 'yata.

"Kawu, ɗan gefe kawai zan gutsura."

Manhajar da ke girka tsarin sunanta Anaconda, wato sunan wata ƙatuwar macijiya ta Kudancin Amurka da ke haɗiye dabba ɗungurungum. Ta gaya masa wuri bai isa ba, ta tambaye shi ko a ƙwato daga wanda ke ciki. Ya ce a ƙwato. Ta jero masa ɓangarorin ma'ajiyar, ga wani madanni na goge duka, ya danna don a yi ta ta ƙare. A yi wa Anaconda adalci, ba ta taɓa komai sai ka danna na ƙarshe mai cewa a fara. Ya danna shi da bismilla. Haka Windows ta tafi, ta tafi da kamu da wunin biki da kai amarya. Abin da ya rage mana na bikin nan yanzu shi ne abin da 'yan'uwan Hajiya suka tuttura a WhatsApp, inda kowa ya fito dishi-dishi.

Da aka kunna, babu hoto, babu abin dannawa da linzami. Baƙin allo ne da ɗan farin rubutu, domin ya zaɓi girki mafi ƙanƙanta kamar yadda ake yi wa saba ta gaske. Ya buga kalmar sirri, bai ga komai ba, ko 'yan taurarin nan. Ya sake bugawa da ƙarfi. Ya yanke hukunci kibod ya mutu, ya tura yaro aro wajen maƙwabci, na aron ma ya mutu. Ashe Linux da gangan take ɓoyewa, don kada na tsaye a bayanka ya san ko harafi nawa ne.

Sai kuma vi, manhajar rubutun da Bill Joy ya ƙirƙira a 1976. Shiga cikinta ba wuya, fita ce aiki. Har aka kira magariba yana ciki, sai da ya gano ana danna Esc, a rubuta :wq, sannan a sake ka.

Daga nan fa hannunsa ya fara faɗawa, ba zan rage masa ba. Ya ba kwamfutar adireshi da nmcli, ya yanko sabon ɓangare a ma'ajiya, ya girka Apache don ta riƙa nuna shafin intanet. Shafin ya ƙi fitowa a waya, ya buɗe masa ƙofa a katangar tsaro. Ya sake ƙi, wannan karon saboda SELinux, wani mai gadi marar fara'a da hukumar tsaron Amurka ta NSA ta fitar a 2000, wanda ke bin kowane fayil yana duba tambarinsa. Maimakon ya gyara tambarin, Injiniya ya buga setenforce 0, wato ya ce wa mai gadi ya riƙa kallo kawai ya daina hanawa. Shafi ya fito.

Bayan isha ya tara gida. Kowa ya haɗa wayarsa, ga rubutu ɓaro-ɓaro: Barka da zuwa sabar Injiniya. Hajiya, wadda ba ta huce da maganar hotuna ba, ta ce, "To, sai me yake yi?" Yana cikin bayanin cewa irin wannan tsarin ne ya sa IBM ta sayi Red Hat a kan dala biliyan 34 a 2019, ɗif, aka ɗauke wuta.

Da aka tayar da janareta, kwamfutar ko wurin shiga ba ta kai ba. Ta faɗa yanayin gaggawa. Akwai fayil mai suna /etc/fstab inda ake jera ɓangarorin da za a ɗaura yayin tashi, shi kuwa da hannu ya kwafi doguwar lambar sabon ɓangarensa, ya tsallake harafi ɗaya. Kwamfuta ta yi ta jiran ɓangaren da babu shi a duniya, ta gaji, ta ce a kawo kalmar sirrin root, mai gida ke nan. Ya rubuta ta a bayan wata takarda, takardar kuma an ƙunsa wa yara ƙosai da ita tun safe.

Abin dariyar shi ne ƙwato saba daga irin wannan hali na cikin abin da ake jarraba mutum a kai. Ana tare kwamfutar tun tana tashi, a ƙara rd.break a layin farawa, a shiga ta bayan gida a sauya kalmar. Ya yi, ya gyara harafin, ya sake kunnawa yana murmushi. Sabuwar kalmar ma ta ƙi. Mai gadin da ya sa ya yi shiru ɗazu ya dawo bakin aiki, domin setenforce ba ya tsallake kashewa, ya tarar da fayil ɗin kalmomin sirri babu tambarinsa, ya hana kowa taɓawa. Layi ɗaya ya manta, touch /.autorelabel, wanda ke sa a sake buga wa komai tambari.

Wajen ƙarfe biyun dare ya samu shiga. Shafi babu. Ya tayar da Apache da start amma bai ce enable ba, don haka ba ta san ana son ta tashi da kanta ba. Ƙofar katangar ma ta rufe, tunda bai sa --permanent ba. Da a zauren jarrabawa ne, aikin yini guda da ya tashi a tutar babu. Mu a gidan nan an duba masa kyauta, ba tare da ya cike fom ba.

Yanzu da zarar ya gama saiti ɗaya sai ya kashe ya kunna da kansa, har yara na tambaya ko ta sake lalacewa ne. Ya kuma koma gwaji a cikin VirtualBox, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta a cikin kwamfuta, inda zai rushe saba goma ba a rasa hoto ko ɗaya ba.

Shekaranjiya ya same ni ina shan shayi, ya durƙusa har ƙasa, abin da bai saba ba. Ya ce ya shirya, saura rajista. Na tambayi kuɗin, ya faɗi ɗaruruwa, na ce ai da sauƙi. Ya sosa ƙeya ya ce na dala ne, kuma shaidar shekara uku take yi a sake sabuntawa.

Daga kicin Hajiya ta ɗaga murya: "Ka ce masa ya fara dawo min da ranar kamu tukuna."