Yadda Za Ka Yi Aiki Daga Gida Da Kyanwa Ba A Kore Ka Ba

Tun kullen korona na 2020 da aka ce kowa ya kwashi kwamfutarsa ya koma gida, wasu har yau ba su sake taka ofis ba. In kana cikinsu, nemi abokin zama mai ƙafa huɗu, don wanda ya daɗe daga shi sai bango, wata rana za a same shi yana yi wa fanka bayani.

Fara da kyanwa. A 2019 masu bincike a Jami'ar Jihar Washington ta Amurka sun gano cewa shafa kyanwa ko kare na minti 10 yana rage sinadarin damuwa, wato kotisol, a jikin ɗalibai. Minti 10 fa suka ce, malam, ba daga hantsi zuwa la'asar ba. Amma in oga ya buga waya ya ji shiru, kada ka ce gyangyaɗi ne ya sace ka. Ka ce kana rage kotisol.

Sai dai ka sani, kyanwa kan yi barcin awa 12 zuwa 16 a rana, kuma duk gidan ba ta ga makwanci kamar kan kwamfutarka ba, saboda ɗumi. Saƙon nan da ya isa wurin manaja da harafi ɗaya sau ɗari, ita ta rubuta. Kada ka yi mata tsawa. Ma'aikaciya ce da ba ta karɓar albashi, kuma ita ta kama ɓeran da ya cinye maka wayar caja.

Ranar taro ta Zoom, duba fuskarka kafin ka shiga. A Fabrairun 2021 wani lauya a Texas ya bayyana gaban alƙali ta Zoom, kwamfuta ta sauya masa fuska da ta ɗan kyanwa, abin ya ƙi ciruwa, bawan Allah yana ta bayanin cewa shi fa ba kyanwa ba ne.

In zakara gare ka, kashe makirufo. Aku kuwa kada ma ka soma: duk abin da ka faɗa kan oga bayan an tashi taro, zai maimaita shi a taro na gaba, da muryarka.

Babban haɗarin shi ne ragon layya. Wata biyu kana aiki a tsakar gida yana tauna gefen takardunka, ka raɗa masa suna, har kana kai masa ƙarar abokan aiki. Ranar Sallah ta zo, mahauci na wasa wuƙa, kai kuma ido ya cika da ƙwalla a gaban yara. Shi dai ɗaure shi nesa da teburin aiki.