Yadda ɗalibin waƙa zai hau dandamali ya sauko lafiya

A makarantun koyon waƙa na Ingila da Amurka, har da na Legas, akwai wata rana a ƙarshen zangon karatu da malamai ke kwana da zullumi, iyaye su ba da guga tun jajibiri, yara kuma abinci ya ƙi shigar musu. Ranar ce kowane ɗalibi zai hau dandamali shi kaɗai, daga shi sai mai kaɗa piyano, ya rera waƙa ɗaya ko biyu a gaban jama'a. Wani ya zo da tsohuwar waƙar Italiya ko ta Jamus, wata ta ɗauko tata daga wasannin kwaikwayo masu waƙa na Landan da Broadway. Marigayi Mamman Shata yana da 'yan amshi da ke riƙe masa waƙa har ya numfasa; wannan yaron ba shi da kowa. Minti uku ne ko huɗu, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Atisayen da aka yi, da wanda aka ce wa malama an yi alhali ana kallon talabijin, duk a mintunan nan suke fitowa fili.

Aikin farko shi ne zaɓen waƙa, kuma a nan ake cin gari ko a faɗi tun kafin a ɗinka kayan da za a sa. Yarinya 'yar shekara 9 za ta zo wurin malama da ƙarfin gwiwa ta ce ita fa waƙar Fantine ta cikin wasan Les Misérables za ta yi, don ta ji ta a waya ta burge ta. Malama ta yi haƙuri ta zaunar da ita ta ba ta labari: Fantine mace ce da namiji ya yaudara ya gudu ya bar ta da ɗiya, aka kuma kore ta daga masana'anta. Susan Boyle ma tana da shekara 47 lokacin da ta rera waƙar nan da ta girgiza duniya a 2009. Yarinyar da babban baƙin cikin rayuwarta shi ne an cinye mata biskit a makaranta ba ta da inda za ta samo wannan kukan. Ga shi kuwa a cikin wasan nan dai, wanda aka fara nunawa a Faris a 1980 sannan a Landan a 1985, akwai waƙar ƙaramar Cosette, an tsara ta daidai bakin yarinya da numfashinta. Ita ce rabonta a bana, Fantine kuma tana nan ba inda za ta.

Haka abin yake da Defying Gravity ta cikin Wicked, wadda kusan kowace 'yar shekara 12 ke mafarkin tsaga rufin zaure da ita. Idina Menzel tana da shekara 32 sa'ad da ta fara rera ta a Broadway a 2003, bayan shekaru na horo, da ƙaramin makirufo a ɓoye cikin gashinta da injiniya yana daidaita mata sauti. Ɗalibar da ta ɗauko waƙar a zauren da babu ko lasifika ta zama yaron da ya zura babbar rigar ubansa: kyan rigar na nan, sai dai tafiya ta gagara. Ba a rasa waƙoƙin da aka yi domin yara ba. Akwai na Oliver! da Lionel Bart ya tsara a 1960, da na Annie wadda Andrea McArdle ta fito a cikinta a 1977 tana 'yar shekara 13, da na Matilda da Tim Minchin ya rubuta. Ko a Matilda ɗin ma, da aka buɗe wasan a Landan a 2011, yara mata huɗu ne suke karɓa-karɓa a matsayin jarumar, kuma su huɗun suka raba lambar yabo ta Olivier a 2012. Idan manyan masu shirya wasa ba su ɗora wa yarinya ɗaya nauyin kowane dare ba, babu dalilin da zai sa uwa ta sa tata ta maimaita waƙa sau ashirin bayan sallar isha'i.

Dalilin wannan taka-tsantsan yana cikin maƙogwaro. Wani malamin waƙa ɗan asalin Sifaniya, Manuel García, ya sa ƙaramin madubi irin na likitan haƙori a bakinsa a 1854, ya haska da hasken rana, ya ga abin da ke fitar da muryarsa. Wasu tantani biyu ne, waɗanda ko a babban namiji tsawonsu bai cika wuce milimita 25 ba, na yaro kuwa bai kai haka ba. Idan mawaƙi ya riƙe sautin da ake saita kayan kiɗa da shi, tantanin nan suna haɗuwa su rabu sau 440 a cikin daƙiƙa guda. Duk abin da yaron ya mallaka kenan, kuma ba a sayar da wani a kasuwa. García dai ya kula da nasa, ya kuma yi shekara 101 a duniya.

Samari suna da tasu jarrabawar. Yaron da ya zaɓi waƙa a farkon zango da siririyar muryarsa yana iya wayar gari saura mako biyu ya ji murya ta fashe, tana hawa tana gangarowa ba da izininsa ba. Ba ciwo ba ne, girma ne ya zo. Maganinsa a sauke waƙar zuwa inda muryar ta koma. Shi ya sa littafin nan mai rawayan bango na waƙoƙin Italiya 24, wanda kamfanin Schirmer ya buga a 1948 kuma har yau malamai ke fara ɗalibai da shi, yake zuwa iri biyu, na murya mai sama da na mai ƙasa. Ƙanne kuma a ja musu kunne: wanda ya yi dariya, nasa lokacin na tafe.

Daren jajibiri lokaci ne da kowa a gida ke zama likita. Kaka ta kawo zuma, gwaggo ta dafa citta da kanumfari, maƙwabciya ta aiko da lemon tsami da alawar maƙogwaro. Yaro ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, ya sha abin da zai iya, don yana sanyaya maƙoshi yana kuma kwantar da hankalin tsofaffi. Sai dai hanyar abinci daban take da ta iska. Da zumar ta taɓa tantanin murya, da yaron ya ƙware yana tari har a kawo masa ɗauki. Abin da ke isa wurin shi ne ruwan da aka sha tun jiya da shekaranjiya, da barci isasshe. Ya guji ihu a filin ƙwallo, ya rage yawan gyaran murya domin yana gwara tantanin da ƙarfi, kar kuma ya wuni yana raɗa da sunan tanadi, don raɗa ma tana gajiyar da su. Sabon salo da ya faɗo masa a daren nan ya ajiye shi sai zango mai zuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai mutumin da kowa ke mantawa da shi, wato mai piyano. A irin wannan taro yakan raka yara da yawa a zama ɗaya, wasu bai taɓa jin muryarsu ba sai sau ɗaya. Ɗalibi mai hankali zai miƙa masa takardun kiɗa a jere cikin fayil, shafi na biyu yana bin na ɗaya, a kan ma'aunin sautin da aka yi atisaye da shi, an kuma sa alama da fensir a inda za a tsaya a ja numfashi. Wanda ya kawo takardu warwatse, fanka ce za ta yanke masa hukunci. Gerald Moore, ɗan Ingila da ya shafe rayuwarsa yana raka manyan mawaƙa da piyano, ya sa wa tarihin rayuwarsa na 1962 suna Am I Too Loud?, wato yana tambaya ko ya cika ƙara. Mutum mai wannan ladabin ne zai tsallake layi biyu cikin sirri ya tarbi yaron da ya yi tsalle a waƙa, ba wanda ya gane. Idan an gama, ɗalibi ya miƙa hannu wajensa don jama'a su tafa masa shi ma.

Da an kira suna, ɗalibi ya taka a natse, ya tsaya a gefen piyano, ya faɗi sunansa da na waƙar da murya mai fita. Kar ya sandare gwiwoyinsa, domin malaman ƙungiyoyin waƙa sun sha ganin yaro ya ƙame ƙafa har jiri ya kwashe shi. Hannuwa su sauka a gefe, su bar gefen riga ya huta. Idan idon jama'a ya yi masa nauyi, ya kalli bangon baya, kaɗan sama da kan mutane. Ya ja numfashi har ciki ya buɗe, kafaɗu na nan inda suke, sannan ya ɗan gyaɗa wa mai piyano kai.

Daga nan kuma sai ma'ana. Waƙar wasan kwaikwayo magana ce da wani ke yi wa wani saboda wani dalili, don haka ɗalibi ya san wa yake yi wa magana, me kuma yake nema a wurinsa. Na Italiyanci sun fi buƙatar wannan kulawa. Caro mio ben, wadda kusan kowane ɗalibi ke bi ta kanta, kukan mai bege ne da zuciyarsa ke ciwo, amma sau da yawa za a ga yaro yana rera ta yana washe baki har kunne, don ba wanda ya fassara masa. Kowace kalma a rubuta ma'anarta a ƙarƙashinta tun makon farko. Hukumar jarrabawar kiɗa ta ABRSM, wadda aka kafa a Landan a 1889 kuma take da matakai 8, ta gane muhimmancin haka: a jarrabawarta ta waƙa ɗalibi yakan rera waƙar gargajiya da ya zaɓa da kansa, da ka, ba kiɗa, kuma an yarda ta kasance cikin kowane harshe. Ɗiyar Bahaushe da ke karatu a irin waɗannan makarantu tana da damar tuntuɓar kakarta ta koya mata waƙar gaɗa, ta rera abin da ta san ma'anarsa har cikin ƙashi.

To idan baiti ya ɓace fa? Zai ɓace wata rana, wannan ba makawa. Ɗalibi ya ci gaba da bin kiɗan da duk kalmar da ta zo bakinsa har ya kamo hanya. Cikin iyayen da ke zaune da wuya a sami mai jin Italiyanci, kuma fuska ce kaɗai ke tona asiri. Idan abin ya rikice gaba ɗaya, ya tsaya, ya dubi mai piyano, a sake daga farko. Adele ta yi haka a bikin Grammy na 2017, a gaban miliyoyin masu kallo, lokacin da take waƙar tunawa da George Michael, kuma zauren ya miƙe ya tafa mata da ta gama.

Su ma 'yan kallo suna da nasu darasi. Uba ya ɗauki hoton bidiyo daga kujerarsa, waya daidai ƙirji, ba ya miƙe ya tare wa layi uku gani ba. Shirun da ke tsakiyar waƙa numfashi ne, kaka ta riƙe tafinta har mai piyano ya ɗage hannu. Idan ɗalibi babba ya jero waƙoƙin Schubert biyu ko uku, al'adar zauren ita ce a bari sai ya kai ƙarshen jerin. Guɗa da liƙi suna da daɗi, amma a zaure irin na Agip da ke cibiyar MUSON a Onikan ta Legas, ƙungiyar kiɗa da aka kafa a 1983, a adana su sai an fito harabar waje, inda yaron zai ma fi samun sukunin ƙirga abin da ya samu. Abu mafi muhimmanci, kar iyali su tattara jakunkuna su fice da zarar nasu ya sauko. Yaron da aka sa a ƙarshen jeri ya yi atisaye kamar kowa, ya kuma fi kowa daɗewa yana rawar jiki a bayan labule. Haƙƙinsa ne ya tarar da zaure cike.

A mota kan hanyar gida ba a buɗe zaman shari'a. Yaron ya san inda ya kuskure fiye da kowa, gyara kuma aikin malama ne ranar darasi. Abin da ake so daga iyaye shi ne su faɗi wuri ɗaya takamaimai da ya yi musu daɗi, sannan a tsaya a saya masa abin da ya kasa ci tun safe.

Abu ɗaya ne ba a yi masa wasa. Julie Andrews ta yi waƙa a gaban Sarki George na shida a Landan a 1948 tana 'yar shekara 13, ta zama muryar fim ɗin The Sound of Music a 1965, amma bayan tiyatar maƙogwaro da aka yi mata a 1997 muryar waƙarta ba ta dawo yadda take ba. Idan yaro ya sauko daga dandamali murya a dishe, ko yana cewa waƙa na sa masa ciwo a wuya, a dakatar da atisaye ya huta. Idan dishewar ta wuce mako biyu zuwa uku, iyaye su ajiye zuma da citta su kai shi wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro.