Lita Shida Zuwa Zariya

Shan man babur iri biyu ne, akwai na takarda, akwai na titi. Na takarda shi ne yawan kilomitar da kamfani ya ce lita ɗaya za ta kai mutum. Ba ƙarya kamfani ya yi ba, sai dai a ɗakin gwaji aka samo adadin, inda ake ɗora babur a kan wata na'ura mai juyawa, taya tana gudu, shi kuwa yana tsaye wuri ɗaya. Fitaccen ma'aunin wannan gwaji shi ake kira WMTC. Kamfanonin Japan sukan ƙara da wani adadi, wanda ake samu idan aka tafi a kan kilomita 60 a awa, ba ƙari ba ragi, a shimfiɗaɗɗen titi. A irin waɗannan gwaje-gwaje babu rami, babu ɗan adaidaita sahun da zai sha gabanka ba sigina, babu kuma ƙanin mata a baya rungume da buhun shinkafa.

A Kano akwai iri na uku, wato na bakin dillali. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Tinubu ya ce an cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Daga nan tambayar mai saye a wajen 'yan babura na Fagge da Sabon Gari ta zama ɗaya: yaya shan mansa? Amsar ma ɗaya ce, ko Boxer aka nuna, ko Jincheng, ko roba-roba, ko ƙaton babur ɗan Kwatano mai akwatuna a gefe: "Alhaji, wannan ai sansana mai yake yi."

Babban abin da ke raba takarda da titi iska ce. Ƙarfin da take tokare mai tafiya da shi ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba. Idan gudu ya ninka sau biyu, tokarewar sau huɗu take ninkawa. Wanda ya tashi daga 60 ya koma 120 ya sa injinsa kokawa da bango. Akwatunan gefe suna ƙara faɗin da iska za ta kama, babbar riga kuwa ba a magana. Sai nauyin goyo da kaya, da tayar da ba ta cika ba, da busasshiyar sarƙa, da matatar iskar da ƙurar hunturu ta toshe, da cunkoson da ake ƙona mai a cikinsa ana tsaye.

Misali mafi kusa shi ne na mai wannan rubutu. Ya sayi irin ƙaton baburin nan a wajen wani dillali a Fagge, wanda ya dafa tanki ya ce lita ɗaya kilomita 30, a takarda ma haka aka rubuta. Da ɗaurin aure ya taso a Tudun Wadan Zariya, sai ya ɗauko biro. Tafiyar ba ta wuce kilomita 160 ba, ke nan lita biyar da ɗoriya. Ya sha lita shida a kan ɗan abin da ke ƙasan tanki, yana ganin har ya yi almubazzaranci. Ƙanin matarsa, wanda zai goya da buhun shinkafa, ya ce, "Yaya, da dai an ƙara ko biyu ne." Ya ce masa lissafi ba a yi masa gardama.

Rabin awa suka yi tsakanin Sabon Gari da Na'ibawa, ana laƙaƙi. Da hanya ta buɗe bayan Kura, sai ya murɗa totur don ya fanshe. Babbar rigar shadda mai sitaci ta cika da iska ta zama tanti, mutanen Kwanar Gafan suka bar tumatir suna kallo. Tsakanin Kwanar Ɗangora da Tashar Yari babur ya yi tari sau biyu, ya yi shiru. Ya laluba neman makunnin rizab, sai ya tarar wannan samfurin ba shi da shi. Wata 'yar fitila ce ke gargaɗi, ita kuwa tun baburin yana Turai ta mutu. Mita ta nuna kilomita 102, wato 17 a kowace lita. Ko hunturu bai samu ya ɗora wa laifi ba, don iskarsa daga arewa maso gabas take busowa, mai zuwa Zariya daga Kano turo shi ma take yi.

A nan ya gano wani adadin da dillali bai ambata ba: baburin ya haura kilo 200. Roba-roba idan ya ƙafe, yaro ma ya tura shi. Wannan kuwa mutum biyu suka tura, shinkafa a kan kujera kamar ita ce mai babur, har suka iske wani ɗan bumburutu a gindin bishiya. Yaron ya dubi shaddar da ta jiƙe sharkaf, ya dubi akwatunan, ya faɗi kuɗin galan. Da aka nemi ragi ya ce, "Baba, mai irin wannan mashin ai ba ya ciniki." Sun isa Tudun Wada an shafa fatiha, an naɗe tabarmi, ko goro bai rage ba.

Hanyar sanin gaskiyar shan mai ba ta da wuya. A cika tanki fal, a rubuta abin da mita ta nuna, a yi tafiyar da aka saba da kayan da aka saba, a sake cikawa a famfo ɗaya, sannan a raba kilomita da litocin da suka shiga. A maimaita sau uku, don tafiya ɗaya ba ta isa shaida ba. Mai wannan rubutu ya yi hakan, ya kai wa dillalin sakamakon a rubuce. Dillalin ya karanta a tsanake, ya tambayi gudun da aka yi da kayan da aka ɗauka, sannan ya ce, "To ai Alhaji, talatin ɗin nan ta Bature ce, shi kaɗai, da 'yar shat." Daga nan ya nuna masa wani sabon shigowa a bayan shago, wanda ya ce shi kam ko sansanawar ba ya yi.