Kamfas a Bakin Titin Kajiji

Duk matafiyin da azahar ta riska a Kajiji, kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, in ya tambayi alƙibla, ko yaro mai tallar rake zai nuna masa ita da leɓe. Amma wani ma'aikaci da ya sauka daga mota, wanda ya karanta cewa Makka tana wajen daraja 70 daga arewa in an karkata gabas, bai aminta da fatawar leɓe ba. Ya zaro kamfas ya aza bisa murfin injin, bai san cewa allurar nan, duk da zuhudun da ake yaba mata, ba ta iya kau da kai daga ƙarfe ba. Ta yi rawarta ta tsaya, ya yi lissafinsa ya kabbarta.

Da ya sallame, wani dattijo ya matso ya ce, "Malam, Allah ya karɓa. Malamanmu na Malikiyya sun ce wanda ya yi nisa da Ka'aba jiharta kawai aka ɗora masa, kuma jihar tana da faɗi ƙwarai. Sai dai faɗin nata bai kai Argungu ba."