Laifin Babba Rowa, Laifin Yaro Ƙiwuya

A makon da aka fitar da sakamakon jarrabawa, in ka bi teburan masu shayi daga Dagiri zuwa Kutunku, ka leƙa Giri, sai ka ɗauka duk faɗin Gwagwalada mugun mutum ɗaya ne kacal, kuma lissafi yake koyarwa. Ba sai an faɗi sunansa ba, kowane sashe da nasa, tuhumar ce dai ba ta sauyawa: yana rabon aikin gida kowane mako kamar mai fitar da zakka, yana shigowa da gwajin ba-zata ranar da kowa ya saki jiki, in kuwa aka zo ba da maki sai ka ce daga aljihunsa yake ciro shi. An kafa Jami'ar Abuja a 1988, aka fara karatu a ƙaramar harabarta ta Gwagwalada a 1990, a ƙarshen 2024 ma gwamnatin tarayya ta amince a raɗa mata sunan Yakubu Gowon, amma duk wannan bai rage ko tambaya ɗaya daga atisayen kwas ɗin lissafi na MTH 101 ba. Hausawa sun daɗe da yanke hukuncin irin wannan shari'a, suka ce laifin babba rowa, laifin yaro ƙiwuya. Rabin farko ɗalibai sun haddace shi sarai, rabi na biyun ne ba a cika karanto shi a teburin shayi ba. Ni kuwa abin da na tsaya a kai shi ne, aikin nan da ake kuka da shi shi ne lissafin kansa, kuma shaiduna suna zaune a kan bencin ajin, kowa da dabarar da ya ƙirƙiro don kada ya zauna da biro ya warware tambaya da hannunsa.

Shaida na farko shi ne Magatakarda. Tun kafin a share zauren lakca ya kama bencin gaba, da biro uku a aljihu: shuɗi na rubutu, ja na jan layi, baƙi na kan magana. Duk abin da ya fito daga bakin farfesa sai ya shiga littafinsa, in da tari yana da harafi da shi ma ya rubuta. Littafinsa ne ake yi wa layi a shagon fotokwafi, kuma da shi rabin ajin ke cin jarrabawa, ban da shi. Dalili kuwa, ya ɗauka lissafi labari ne da ake adanawa. A kalkulas an nuna masa ƙa'idar da ke mayar da x² ya zama 2x, ta mayar da x³ ya zama 3x², ya rubuta su ya kewaye da jan biro. Ranar jarrabawa sai farfesa ya kawo t³. Nan Magatakarda zai juya takarda gaba da baya, ya ɗaga hannu cikin ladabi ya ce, "Sa, ai ba a koya mana na t ba." Harafi ɗaya aka sauya, gini ya rushe. Wanda ya warware irin wannan tambaya sau goma da hannunsa ba zai ma lura an sauya harafin ba, kamar yadda direban da ya iya tuƙi ba ya tambayar launin mota.

Bayansa akwai Kwana-zaune, wanda ɗalibai ke kira ɗan TDB, wato mai karatu har wayewar gari. Mako goma sha biyu ba a ga idonsa a kan littafi ba, sai saura kwana uku ya bayyana da goro, da Nescafé, da bokitin ruwan da zai tsoma ƙafa don korar barci, da maganin sauro yana hayaƙi a gefe. Zai haɗiye aikin wata uku a dare uku, a cikin zafin Gwagwalada da ko fanka sai ta nemi fifita. Da safe ya shiga zaure da jajayen idanu, ya tarar duk ƙa'idojin sun cakuɗe a kansa kamar zaren da akuya ta shiga. Amininsa shi ne Boka, mai tarin tsofaffin tambayoyi na shekara takwas a jaka. Shi ba ya karanta lissafi, farfesa yake karantawa. Zai gaya maka da tabbaci, "Mutumina, bara ya kawo wannan, bana ba zai maimaita ba, ka tsallake babi na huɗu." Abin dariyar shi ne, lokacin da ya ɓata wajen gano babin da za a tsallake ya isa a koyi babin har a koya wa wani. Dukansu biyu fafe gora suke yi ranar tafiya, bambancin kawai ɗaya da gumi yake yi, ɗaya da duba.

Sai Ɗan-aro, wanda ya yarda cewa aikin gida wajibi ne, amma irin wajibin da in wani ya yi ya ɗauke wa saura. Da sassafe a motar da ke kai ɗalibai babbar haraba a hanyar filin jirgi za ka gan shi ya ɗora takarda a gwiwa yana kwafa, mota na tsalle, rubutu na tsalle. Gaskiyarsa a kwafa ta kai matuƙa: in mai takarda ya yi kuskure ya soke, shi ma sai ya yi kuskuren ya soke, wani lokaci har lambar rajistar mutane yakan ɗauko. Ƙaninsa na zamani Ɗan-waya ya fi shi tsabtar aiki. Ya ɗauki hoton tambaya, manhaja ta ba shi amsa a daƙiƙa biyar, ko kuma ya kwana yana kallon wani malami ɗan Indiya a YouTube yana gyaɗa kai, yana cewa ashe abin sauƙi gare shi. Sauƙi gare shi mana, tunda wani ke yi. Ba a taɓa jin wanda ya zama ɗan dambe don yawan zuwa kallo ba. Mai kare musu baya shi ne Wakilin aji, gwanin lallashi, wanda ya san lokacin da zai rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, a duba mana, wallahi ba wuta tun shekaranjiya." In an ƙara musu mako guda sai aji ya ɗauke shi a kafaɗa, ranar ƙarshe kuma a sake turo shi, domin makon da aka ƙara ma ba a taɓa takardar ba.

A bencin ƙarshe Dattijo ke zama, mai keri-oba, wato maimaita kwas, karo na uku, wanda ya fi wasu ƙananan malamai daɗewa a kwas ɗin. Shi ne marubucin tarihin farfesa, kuma shi ke tarbar 'yan shekarar farko da wa'azin nan da aka sani a jami'o'in ƙasar nan, wai A ta Allah ce, B ta malam, kai dai ka nemi abin da ya rage. Yana tsorata yara ne don kada faɗuwarsa ta zama tasa shi kaɗai. Amma babban shaidana shi ne na kusa da shi, Akanta, mai rantsuwa cewa shi ba a halicce shi da kan lissafi ba. A tsarin da aka fi sani a jami'o'inmu, gwaji da aikin gida suna da maki 30, jarrabawa 70, A tana farawa daga 70, tsira kuma daga 40. Ka gaya wa Akanta yana da 11 a gwaji, kafin ka rufe baki ya ce 29 yake nema. Ka ce masa kwas ɗin yunit uku ne, nan take zai bayyana maka cewa A maki 15 ce, F kuwa sifiri ce alhali yunit ukun na nan a cikin abin da za a raba da shi, har ya faɗa maka inda CGPA ɗinsa, wato matsakaicin makinsa gaba ɗaya, zai sauka. Wannan bawan Allah ya warware 11 + x = 40 a tsaye, ba biro ba kalkuleta, aljabarar da yake cewa ta gagare shi. Abin da ya sa ya iya kuwa bai wuce cewa ita ce tambayar da yake maimaitawa kullum ba.

Akwai kuma Mai-tawakkali, wanda ke zuwa zaure da biron da aka tofa wa addu'a. Addu'a kam ba wanda ya isa ya raina ta, sai dai an ce tashi in taimake ka. Shi da masu cewa lissafi ba namu ba ne ya kamata a tuna musu Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, malamin Katsina da ya rubuta littafi a 1732 kan yadda ake tsara hatimi, ya rasu a Alƙahira a 1741. Ɗauki hatimi mai gida tara: 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa. Ta ko'ina ka tara, a kwance ko a tsaye ko a karkace, 15 za ka samu, domin jimlar 1 zuwa 9 ita ce 45, an raba ta layi uku. In aka ce ka yi mai gida 25, kowane layi sai ya ba da 65, kuma ba wanda zai dace da shi da ka-cici-ka-cici, sai da ƙa'ida da gwaji da gogewa a sake. Irin wannan zaman malamin Katsina ya yi. Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi daga Adamawa wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978, ba daga sama ya faɗo ba. Cibiyar Lissafi ta Ƙasa ma ga ta nan a Sheda, yankin Kwali, tafiyar 'yan mintuna daga Gwagwalada a hanyar Lokoja. Lissafi maƙwabcinmu ne, mu ne ba ma shiga gaisuwa.

Mai ƙorafi zai ce an yi wa ɗalibai rashin adalci, kuma yana da abin faɗa. Ɗalibin da ke raba ɗaki da mutum huɗu, yana lissafin kuɗin mota kafin na abinci, wuta ta zo ta tafi, ga kwas tara ko goma a simesta ɗaya, kowane malami yana ganin nasa ne kaɗai, ba a ce masa malalaci kai tsaye. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma kowa ya san yadda ake matse karatu bayan irin wannan hutu na dole. Duk gaskiya ne. Sai dai ka duba inda wannan gaskiya take kaiwa. In lokaci ya yi kaɗan, dabarar Kwana-zaune ce ta fi kowace tsada, domin lissafi hawa-hawa ne: wanda bai fahimci mako na uku ba, mako na shida yaren waje ne a kunnensa. Aikin mako-mako shi ne kaɗai abin da ke nuna wa mai ƙaramin ƙarfi inda ya karkace tun da sauran gyara. Ɗan mai hali in ya faɗi ya ɗauki malamin gida, ko ya sake shekara ba tare da tukunyar gidansu ta ji ba. Saboda haka in aka rage aikin don tausayi, wanda aka tausaya wa shi zai fara biya.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi: ai akwai malaman da rowar tasu ta gaske ce, masu alfahari da yawan waɗanda suka kayar, masu jibga aiki ba su duba ba, masu mayar da handawut hajar dole. Akwai su, kuma karin maganar ba ta wanke babba ba, da laifinsa ma ta fara. Amma akwai ma'auni mai sauƙi na rarrabewa, shi ne ko takarda tana dawowa. A ce aji mutum 400 ne, ana ba da aiki mako goma, takardu 4,000 ke nan. In kowace ta ci minti uku, an tashi da awa 200 na zaman duba rubutun da waninsa a gwiwa aka yi shi cikin mota. Malamin da ya ɗora wa kansa wannan, ya dawo da takarda da jan biro a daidai layin da aka kauce, ya fi kowa shan wuya a ajin. Wanda bai damu ba ai hanyarsa a buɗe take: ya karanta lakca, ya ɓace, a haɗu ranar jarrabawa. Don haka abin da ya kamata Wakilin aji ya rusuna ya roƙa shi ne a dawo da takardu da gyara, a ƙara ajin bita, a bayyana yadda aka raba maki. Wannan haƙƙi ne. Roƙon a rage tambayoyi kuwa kamar majinyaci ne ya nemi ragin allura.

Saura mutum ɗaya, wadda ba ta da laƙabi domin ba ta ba kowa labarin bayarwa. A tsakiyar aji take zama, littafinta duk soke-soke ne, ba mai aronsa zuwa fotokwafi. Bayan sallar asuba, kafin rana ta buɗe wuta, takan zauna da tambaya biyu ko uku, ta yi ta ɓata, ta sake, wadda ta gagara ta kai wa malam ta ce, "Malam, a nan na tsaya." Ta fi Magatakarda yawan kuskure nesa ba kusa ba, sai dai ta gama yin nata a ɗaki, inda ba a cire maki. Ranar da sakamako ya fito, Boka zai ce an ba ta satar amsa, Mai-tawakkali ya ce sa'a ce, Dattijo ya ce farfesa ya tsufa ya fara laushi, Akanta kuma ya lissafa mata CGPA ɗinta kyauta. Ba a jin ta bakinta a teburin mai shayi, domin a lokacin da ake shari'ar tana ɗaki ta buɗe babi na gaba.