Yadda za ka sasanta yatsunka da kwamfuta a Tasawa da Mayahi

Sakataren da ke buga takardun haihuwa a ofishin magajin gari, ko malamin da ke shigar da makin ɗalibai, idan wuyansa ya sage da la'asar, kada ya zargi tsufa, kada ya aika a kira mai ɗori. Ya tuhumi kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka. Maɓallanta kan nutse milimita 1 zuwa 2 kacal, alhali na babban kibod kan kai 3 zuwa 4, sai yatsa ya riƙa dukan ƙasa kamar taɓarya a turmin da babu hatsi. Ga allon kallo manne da maɓallan: ka gyara wa hannu zama, wuya ya sunkuya, ka ɗaga saboda wuya, hannu ya rataye. Ga kuma ɗumin inji a ƙarƙashin tafin hannu, a zafin Afrilu da ba ya neman ƙari.

To, sayi babban kibod mai igiyar USB, ka ɗora kwamfutar bisa tulin littattafai har saman allon ya zo daidai da idonka, kibod ɗin kuma daidai da gwiwar hannu. Kafin ka biya, leƙa layin haruffa na sama. Wanda ya koyi bugu da Faransanci ya saba da AZERTY, kayan da ke shigowa daga Kano kuwa yawanci QWERTY ne, inda A da Q suka yi musayar gida. Ka kuma nace wa mai rukunin lambobi a dama, domin a AZERTY lambobin sama sai an danne Shift suke fitowa, wahalar da mai lissafin buhunan gero bai cancanta ba. Haruffan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba a zana su a ko ɗaya ba, sai ka saita tsarin Hausa a cikin kwamfutar, tunda tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar.

Wani zai ce tafi-da-gidanka ta fi, don tana da batir idan an ɗauke wuta. Gaskiya ne, amma kibod ɗin daga jikinta yake shan ƴar wutarsa. Wani ya ce babban kibod kaya ne a kan kabu-kabu. A bar shi a ofis mana, inda ake doguwar bugawa. Ƙurar hunturu ma hujja ce a gare mu: babban kibod ana kife shi a karkaɗe, in ya mutu a sauya, amma maɓallin tafi-da-gidanka in ya maƙale, sau da yawa sai an kwashi kwamfutar ɗungurungum zuwa wurin mai gyara a Maraɗi.