Goma Sha Biyu Aka Tono, Uku Suka Rage

Ranar 12 ga Afrilu, 1930, leburori suka duƙufa haƙa a tsakiyar wata gonar alkama da ke kusa da Halab a ƙasar Siriya. Shehin ƙauyen da gonar take ne ya tara su saboda wani baƙo daga Ƙudus, Israel Aharoni, masanin dabbobi a Jami'ar Hibru. Abin da ya kawo shi wata 'yar dabba ce mai ruwan zinariya, guntuwar wutsiya, wadda ba ta cika tafin hannu ba, ana kiranta hamsta. Wanda ya san gafiya ya san rabin halinta, don ita ma kumatunta jaka ne: ta cusa hatsi har su kumbura zuwa kafaɗa, ta kai rami ta juye. Tun 1839 George Waterhouse ya yi bayaninta a Landan, amma masanan da suka taɓa ganinta da rai ba su da yawa.

Aiken Aharoni aka yi. Abokin aikinsa Saul Adler yana binciken cutar kala-azar, wadda har yau take addabar mutane a yankin Gadarif na Sudan, kuma da hamstar Sin yake gwaje-gwajensa. Su kuwa na Sin suka ƙi haihuwa a keji, kawo su daga can kuma jidali. Shi ne Adler ya ce a nemo masa danginsu na nan kusa.

Da haƙa ta kai kimanin ƙafa 8, alkamar mutane ta sha taku, sai ga uwa kwance da 'ya'ya 11 waɗanda ko ido ba su buɗe ba. Aharoni ya yi tunanin da kowane mai tausayi zai yi: uwa da 'ya'yanta, ai akwati ɗaya ya ishe su. Aka zuba su ciki. Uwar, wadda aka rushe wa gida aka fito da ita tsakiyar ƙarti, ta waiga ta cafke ɗan da ya fi kusa da ita, ta datse masa kai. Haka uwar hamsta take yi in ta firgita. Jagoran tafiyar, wani mafarauci ɗan ƙasar mai suna Georgius, ya ga in aka yi sake za ta gama da sauran, sai ya ɗauke ta ya jefa a kwalbar guba. Ba a bar gonar ba, 12 sun koma 10.

Masanin da aka aika nemo dabbar gwaji ya wayi gari mai reno. Shi da matarsa suka yi ta ɗura wa marayun abinci har idonsu ya buɗe. Godiyar da suka yi ita ce gudu. Aka bi lungu-lungu, aka samo 9.

A Ƙudus aka damƙa su ga Heinrich Ben-Menahem, mai kula da dabbobin jami'ar, ya sa su a keji mai daɓen katako. Haƙoran gaba na hamsta ba sa daina tsiro har ta mutu, saboda haka gwaguya a wurinta dole ce. Suka huda katakon, 5 suka yi layar zana. Saura 4. Aka haɗa namiji da mace da fatan a ga zuriya, namijin ya kashe ta. Saura 3, ga Adler yana jira.

Sai a nan aka fara yi wa dabbar abin da take so. Ben-Menahem ya danƙare wani keji da busasshiyar ciyawa, ya fara sa mace ita kaɗai har ta saba, ta sami wurin ɓuya, sannan ya shigar da ɗan'uwanta. Aka yi tsere cikin ciyawa, aka daidaita. Cikin hamsta kwana 16 ne kacal, yana cikin mafi gajarta a dabbobi masu shayarwa. Kafin shekara ta zagayo sun kai 150. A 1931 Adler ya shiga Ingila da wasu a aljihun kwat ɗinsa, a 1938 suka isa Amurka, kuma mafi yawan hamstar Siriya da ake sayarwa yau a kantunan duniya jikokin marayun gonar alkamar nan ne.

Jikokin sun bazu, amma labarin yadda kakanninsu suka kashe juna bai bi su kanti ba.

A ƙarshen shekarun 1990 masana daga Jamus, ƙarƙashin Rolf Gattermann na Jami'ar Halle, suka koma arewacin Siriya suka bi ramukan dabbar a gonaki. Babu ramin da suka tarar da manya biyu a ciki. Ramuka biyu masu mazauna da suka fi kusa da juna, tsakaninsu mita 118 ne, ya zarce tsawon filin ƙwallo. Kowace hamsta tana da wasu tabo biyu a kwiɓi masu fitar da wari, tana goga su a jikin abubuwa don maƙwabci ya san iyakarsa. Mace ta fi namiji girma da zafin rai. Sau ɗaya a kwana 4 take karɓarsa, na 'yan sa'o'i, in lokacin ya wuce kuma ya tsaya jan ƙafa, ya sha cizo. A gona yana da inda zai ruga. A keji kuwa in ya gudu bango zai tarar.

Akwai ƙananan jinsi da ke da ɗan sassauci: Roborovski na hamadar Mongoliya da arewacin Sin, da na Campbell, da wanda gashinsa ke fari da hunturu. Namijin Campbell har taya matarsa yake yi wajen haihuwa. Ko su ɗin da sharaɗi: su zama jinsi ɗaya, su taso tare tun suna ƙanana, keji ya zama yalwatacce, kwanon abinci biyu, kwalbar ruwa biyu, kowa da wilin gudunsa, maɓoya kuma mai ƙofa biyu don kada a ritsa wani a ciki. Da zarar jini ya fita an rabu ke nan har abada. Hamstar Sin da ta Siriya kuwa kowa tasa ta fisshe shi.

Wani abokina da ke karatun digiri na uku a Ingila bai san ko ɗaya cikin wannan ba ranar da ya shiga kantin dabbobi da 'yarsa mai shekara bakwai. A bayan gilashi ga 'yan hamstar Siriya sun cure wuri ɗaya suna barci, wannan ya ɗora kai a cikin wancan. Abin da gilashi bai nuna ba shi ne shekarunsu: yara ne, zumuncin nan kuma ba ya wuce wajen mako 8.

"Abba, ɗaya kawai? Ai kaɗaici zai kashe shi."

"Gaskiyarki, Mamana. Mu ma da muka zo ƙasar nan mun ji a jikinmu."

Ya sayi biyu, bayan mai kanti ya juya su ya duba ya tabbatar masa duk maza ne. A gida aka yi ta ɗaukarsu hoto ana tura wa dangi a WhatsApp. Suna cin 'ya'yan kabewa tare, suna kwana tare, abokina har yana kafa wa yaransa misali da su in sun yi faɗa a kan rimot.

Wani dare, wajen ƙarfe biyu, ƙara ta tashi daga falo, siririya mai tsinin gaske. Ya fito da zanen matarsa a kafaɗa ya kunna fitila. Garin katako na tashi a keji, dabbobin sun zama dunƙule ɗaya mai birgima, ba a gane kan wannan daga gindin wancan. Can suka rabu: ƙaramin ya kwanta rigingine, ƙafafu huɗu a sama, baki buɗe, haƙora rawaya a waje, kunne ɗaya a yage. Babban ya tsaya a kansa yana kaɗa haƙora. Abokina, wanda a gida shi ake kira sasanta rikicin gado, ya zura hannu tsakani yana cewa "Haba, haba." Duk biyun suka amince da abu ɗaya a daren nan, shi ne babban yatsansa.

"Malam, faɗan ɓera kake rabawa da hannu?" in ji matarsa daga bakin ƙofa. Ta ɗauko kofin shayi ta kife a kan babban, ta zura murfin kwali ta ƙasa, ta ɗauke shi. Ƙaramin ya kwana a bokitin wanki.

Washegari aka sayo keji na biyu, aka ɗaure yatsa, hankali ya kwanta. Bayan kamar mako biyu yarinya ta shigo da gudu.

"Abba, babban ya haifi jajayen tsutsotsi!"

Ashe ɗaya daga cikin mazan mai kanti mace ce, dukan da ta yi wa ɗan'uwanta kuma sallama ce bayan an gama abin da za a yi. 'Ya'ya 7, tsirara, makafi. Likitan dabbobi ya ja masa kunne: kada a taɓa su, kada a share kejin, kada a yi hayaniya kusa, in ba haka ba uwar za ta yi abin da kakarta ta yi a Halab. Gidan mai yara uku ya koma magana da raɗa. Sannan likitan ya yi masa lissafin da ya fi cizon zafi. Da sun kai mako 4 a raba maza da mata, don daga nan suna iya ɗaukar ciki. Kafin mako 8 kowa da kejinsa. Ɗaki biyu da falo, keji 9, kowane da wilin da ke juyawa daga magariba zuwa asuba.

Ranar Juma'a aka ga abokina a ƙofar masallaci bayan an idar da salla, yatsa a naɗe, yana tare 'yan Najeriya da 'yan Sudan da 'yan Pakistan yana nuna musu hotuna a waya. Kyauta ne, har da abincin wata guda, amma kowane gida ɗaya tak. Wani mai tagwaye ya nace sai an ba shi biyu don kada yara su yi rigima. Abokina ya ce to, amma sai ya bi shi gida ya ƙirga keji da idonsa. Mutumin ya ce akwai wani babba da zai ishe su duka. Abokina bai ce komai ba, ya fara warware bandejin.